Wayar Zuciya da Kafaɗar Mama

Mahaifiyata ba ta taɓa ɗaukar kaya a ka ba. Tun ina ƙarama a ƙauyenmu da ke bayan Manga, can gindin dutse, a kafaɗa na san ta da kaya. Itace ne, ƙwaryar dawa ce, tulun ruwa ne, duk a kafaɗar hagu take aza su, tafin hannunta yana tallafe da gindin kayan. Haka ta ga uwarta tana yi, haka tsofaffin matan kan dutse suke yi. Mu da muka yi boko muka sauko cikin garin Zuru, mu ne muka koyi naɗa gammo. Kowa a gidanmu ya san wannan ɗabi'a tata, mun san ta har mun daina ganinta.

Mama tana da yaya mace guda ɗaya, muna kiranta Mama Babba. Tare suka tashi, turmi ɗaya suka yi daka a ciki har aka aurar da su, kuma auren bai raba su ba, don gidajen suna kallon juna. Shekarun baya Mama Babba ta faɗi a bakin murhu. Da aka ɗaga ta, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Tun daga ranar tana kwance a kan tabarma. 'Ya'yanta suna ƙoƙari, ba zan ci amanarsu ba, amma Mama ce ke zuwa safe da yamma ta juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ta goge mata jiki, ta zauna tana ba ta labarin wanda ya haihu da wanda akuyarsa ta ɓata. Sau da yawa in muna dawowa daga can takan ce min da yarenmu na C'lela, "Ni mutuwa ba ta ba ni tsoro. Tabarmar nan ce take ba ni tsoro."

To, sai ga shi ita ma ta fara faɗuwa. Na farko a gona, aka ce rana ce. Na biyu a coci, ana tsakiyar waƙar zumuntar mata, sai kawai ta sulale tsakanin benci biyu. Ni malamar firamare ce a Zuru, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da dogon haƙuri. Da labari ya same ni ban tsaya jin ra'ayin kowa ba, na ɗauki shatar mota na je na kwaso ta, tana ta faɗa wai ita lafiyarta ƙalau, yunwa ce kawai. Yunwa! Matar da ta cinye tuwo malmala biyu kafin ta fita.

A asibitin garinmu suka ce bugun zuciyarta ya yi ƙasa ƙwarai, wani lokaci ma yakan tsaya ya huta kafin ya ci gaba, shi ne take suma. Suka tura mu wani babban asibiti a birni, tafiyar yini guda. Ƙanena soja ne, ya samu izini ya same mu a can, 'yan'uwa da mutanen coci kuma suka tsaya mana tsayuwar da har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa.

Likitan zuciyar da ya duba ta Bahaushe ne ɗan birni, siriri, mai magana a hankali kamar ba ya son ya tashi wani daga barci. Mama tana jin Hausa ta kasuwa da ta coci, amma Hausar ciwo sai da tafinta, don haka ni ce a tsakiya. Ya ce za a sa mata ɗan batir a ƙarƙashin fata, ƙasan ƙashin wuya ta hagu, da wayoyi sirara da za su bi ta jijiyar jini su shiga cikin zuciya, su riƙa tunatar da ita in ta yi nawa. Ya dunƙule hannayensa biyu, ya aza ɗaya a kan ɗaya. Ya ce zuciya ɗakuna ne, biyu a sama, biyu a ƙasa. Na sama su ke fara matsawa su tura jini ƙasa, sannan na ƙasa su amsa su tura shi cikin jiki.

Ina gama fassarawa Mama ta ce, "Lugude ke nan." Ta juya ta yi wa likita bayani da Hausarta, wai in mata biyu suna daka a turmi ɗaya, taɓaryar wannan tana sauka ta waccan tana tashi. In ɗaya ta shigo ba a lokacinta ba, sai taɓare su gwabza, hatsi ya watse. Likita ya yi murmushi ya ce ai kuwa haka ne.

Daga nan ya zo kan abin da ya fi damunsa, wato inda za a kafa wayoyin. Ya ce ko da waya ɗaya aka sa a ɗakin ƙasa, sumar za ta tsaya. Amma a irin ciwonta, in ɗakin ƙasa kaɗai ake bugawa, na sama ba su san lokacin da zai matsa ba, sai su riƙa cin karo. Yau da gobe sai ɗakunan sama su gaji, su saki, su daina matsawa sosai, su koma kakkarwa kawai. In suna kakkarwa jini yana iya kwanciya a wani lungu ya daskare, gudan ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yake so a sa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, don bugun ya fara daga inda Allah ya tsara ya fara.

Da na kai wurin gudan jini da ƙwaƙwalwa, na ga Mama ta gyara zama. Ba ta jira ni ba, ta tambaye shi da kanta. "Irin na yayata? Hannu ya mutu, ƙafa ta mutu, baki ya mutu?"

Ya ce, "Mama, ban ga yayarki ba, ba zan ce shi ne ya same ta ba. Amma wannan ɗaya ce daga cikin hanyoyin da ke kai mutum can."

Ta ce, "To a sa biyun."

Aka yi aikin tana farke, allurar kashe zafi kawai aka yi mata a wurin. Ta fito tana ba ni labari wai ta ji suna hirar ƙwallo a kanta. Washegari da na kama tsintsiyar hannunta na ji bugun yana tafiya daidai, ba gaggawa ba tsayawa, sai na fita baranda na sha kukana na dawo.

Ranar sallama likita ya jero mata dokoki. Ya ce bakin wayoyin bai kama nama ba tukuna, sai nan da 'yan makonni, kafin nan suna iya zamewa. Kada ta ɗaga hannun hagu sama. Kada ta yi daka. Kada ta ja guga. Kada ta ɗauki kaya a ka. Na fassara mata ɗaya bayan ɗaya, tana gyaɗa kai. Kuma Allah ya sani, a duk faɗin ƙasar Zuru ba a yi mai bin doka irin uwata ba. Mijinta soja ne, ɗanta soja ne, in aka ce mata tsaya nan, to nan za ka dawo ka same ta.

Na ajiye ta a gidana a Zuru don in sa mata ido. Ina! Zaman bai yi nisa ba muka fara faɗa. Ta ce gidana kamar kurkuku, ta ce ruwan famfo ba shi da ɗanɗano, ta ce miyata gishiri ya yi yawa. Ni ma ban ƙyale ba, ina ramawa. Gaskiyar maganar ita ce dawarta ta nuna a gona, ga kuma yayarta da ba ta gani ba. Da na ga tana ramewa don kewa, sai na haƙura na mayar da ita ƙauye, na damƙa ta a hannun matar ƙanena.

Na je duba ta wani ƙarshen mako na tarar komai tsaf. Ta bar turmi, ta bar rijiya. A coci ma, in ana ɗaga hannu ana yabo, ita dama kaɗai take ɗagawa, na hagu yana manne da cinya, har mata suna yi mata tsiya wai ta zama ɗan sanda mai ba da hannu. Na dawo gida raina fari tas.

Ba a jima ba matar ƙanena ta kira ni a waya. Ta ce Mama tana cewa akwai tsuntsu a ƙirjinta, yana fiffika ya yi shiru, ya sake fiffika. Wuyanta yana harbawa, in ta hau ɗan tudu sai haki. Ranar komawarmu asibiti ta kusa, amma na ce ba za mu jira ta ba, gobe-goben nan za mu kama hanya.

Da safe na iso na tarar ta shirya, ga wani ƙaramin buhu a gefenta, sabuwar dawa ce jar nan ta gonarta, an sussuke an sheƙe. Wai ta likita ce. Na ce, "Haba Mama! Muna maganar ranki kina maganar dawa? Mutumin birni mai cin shinkafa me zai yi da dawa?" Ta ce mutumin da ya taɓa zuciyarta da hannunsa ba za ta shiga wurinsa hannu rabbana ba, in ba za a tafi da buhun ba, to ita ma tana nan. Na san halin kayana. Na naɗa gammo na ɗora buhun a kaina ina ƙunƙuni, haka na yi ta fama da shi daga tasha zuwa tasha har birni.

A ƙofar ofishin likita na sauke shi ina laluben kati a jaka. Nas ta leƙo ta kira mu. Kafin in ɗago, Mama ta riga ta sunkuya. A wurinmu kyauta a hannun mai ita take shiga, ba a aika ta ta hannun wani alhali kana tsaye. Ta kama bakin buhun, ta wurga shi sama da ɗan juyin nan da na gani sau dubu, ya sauka daram a kafaɗar hagu, daidai kan batirin. Ta tura ƙofa ta yi sallama.

Ban taɓa jin muryar likitan nan ta tashi ba sai ranar. Ya miƙe har kujera ta bugi bango. "Mama! Tsaya! Kada ki motsa!" Ya zagayo ya ɗauke buhun da hannunsa biyu ya ajiye a ƙasa. Ya zaunar da ita, ya nemi izini ya ɗan janye wuyan rigarta. Ga tabon aikinsa ya warke lafiya, a samansa kuma ga kantar ɗaukar kaya, baƙa, mai kauri, ta shekara da shekaru. Ya daɗe yana kallonta.

Ya ce, "Kullum a nan kike ɗaukar kaya?"

Ta ce, "Tun ina yarinya."

"Har bayan aikin?"

"Dawa ce kawai daga gona, ba ta da yawa. Ka ce kada in ɗora a ka, ban ɗora ba. Ka ce kada in ɗaga hannu, ban ɗaga ba." Ta nuna masa yadda take tallafe kaya, tafin hannu a daidai kunne. A ganinta wannan ba ɗaga hannu ba ne, ɗaga hannu shi ne irin na coci.

Ni kuwa sai na fashe. Na hau ta da faɗa da yarenmu, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Damin dawa nawa ta sauko da su daga dutse? So take ta kashe kanta ta bar mu? Tsoro ne ke cina, shi ya fito a faɗa. Likita bai ji abin da nake cewa ba, amma ya ga fuskar Mama. Ya ɗaga min hannu ya ce, "Malama, ya isa. Ta yi duk abin da na ce. Ni a garinmu a ka mata suke ɗaukar kaya, shi ya sa na faɗi abin da na sani, ban tambaye ta yadda take yi ba." Ni da na fassara dokar da bakina, ko sau ɗaya kafaɗar ba ta faɗo min a rai ba, haka ma matar ƙanena da take ganinta kullum tana saukowa daga gona.

Aka ɗauki hoton ƙirji. Ya nuna min a jikin allo: wayar ƙasa tana nan inda ya kafa ta, ta sama kuwa ta zame daga wani ɗan aljihu a ɗakin sama inda ya maƙala ta, tana reto. Ya aza wata na'ura a kan batirin ya karanta abin da ya faru. Ɗakin ƙasa kaɗai ake bugawa, kuma kakkarwar da ya ji mata tsoro ta fara, tana zuwa tana tafiya. Wannan shi ne tsuntsun. Ya ce ba zai rantse cewa kayan ne suka zamar da wayar ba, don wani lokaci takan zame da kanta, amma wurga buhu a kafaɗa zai iya. Abin godiya shi ne kakkarwar ba ta zauna daram ba tukuna.

Ya ce zai sake buɗewa. Wannan karon ba zai mayar da wayar aljihun nan ba. Zai sa wata mai murɗaɗɗen baki da ake murɗawa ta shige cikin nama, ya kafa ta a bangon da ya raba ɗakunan sama biyu, can sama, kusa da inda bugun yake tsallakawa daga dama zuwa hagu, don ɗakunan biyu su samu saƙo kusan tare. Ya ce likitoci suna kan binciken ko wannan wurin ya fi rage kakkarwa, wasu sun ga alamar haka, wasu ba su gamsu ba, shi dai a yanayinta nan ya fi kwanta masa. Zai kuma ɗora ta a kan maganin da ke hana jini daskarewa. Na gode masa da bai yi mana alkawarin abin da ba ya hannunsa ba.

Da yamma a ɗakin kwanciya Mama ta ƙi cin abinci. Na zaci fushin faɗan da na yi mata ne, na matsa na ce ta yi haƙuri. Ta girgiza kai. Ta ce, "In na kwanta ni ma, wa zai juya ta?" Na riƙe ƙafarta kawai ina matsawa har ta karɓi kunu.

Aikin na biyu ya yi kyau. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar sallama. Likita bai jero doka ko ɗaya ba. Ya ture takardunsa gefe ya ce, "Mama, nuna min yininki. Daga tashi barci." Tabɗi! Sai ga uwata a tsakiyar ofis tana kwaikwayon yadda take dafa ƙasa ta miƙe daga tabarma, yadda take ɗaura zane, yadda take shara a sunkuye, yadda take leƙa rumbu ta ciro zangarniya, yadda take goya jika. Nas tana toshe baki don dariya. Shi kuwa yana kallo da gaske, yana cewa wannan babu laifi, wannan ki jira, wannan ki bari har abada. Da ta zo kan yadda take sa hannu ƙarƙashin yayarta ta mirgina ta, ya sa ta maimaita. Ya ce ta jira wayar ta kama, bayan nan ta riƙa yi da hannun dama, wani kuma ya kama mata ƙafafun. Kafaɗar hagu kuwa ta yi ritaya, kamar yadda sojoji suke yi. Wannan ta gane shi sarai.

Ta zauna a gidana har ya ba da izini, kuma wannan karon gishirin miyata kaɗai ta kushe. Da ta koma ƙauye ta gwada ɗaukar ƙaramar ƙwarya a kafaɗar dama, sai ta riƙa tafiya a karkace, ƙawayenta suna tambayarta ko burkutu ta fara sha da tsufa. Na kawo mata gammo, ta kalle shi ta kalle ni, ta ce in kai wa 'yan makarantata. Yanzu haka take hawa gona hannu sake, ta tsaya tana ba da umarni.

Mun koma asibiti sau da dama tun daga nan. Duk zuwa sai ya aza na'urarsa ya karanta. Wayar tana nan inda ya murɗa ta. Kakkarwar ta ragu ƙwarai, takan leƙo jefi-jefi ta wuce, shi ya sa har yau ba ta fasa shan maganinta. Ya gaya mata an yi masa tuwo da dawar, ya ci da miyar kuka har ya nemi ƙari. Tun daga ranar ba na iya ja da ita a kan buhu, sai dai ni ke ɗauka har gaban teburinsa, ita ta aza hannu a kai ta ce ga shi.

Ranar da na mayar da ita ƙauye bayan aiki na biyu, ko gida ba ta shiga ba, ta wuce ɗakin Mama Babba, ina biye da ita. Tsohuwar tana ganinta ta fara wani sauti a maƙogwaro, hawaye yana bin gefen bakin da ya karkace. Ta daɗe ba ta ga ƙanwarta ba, kuma ba wanda ya san abin da ta fahimta daga bayanin da aka yi ta yi mata. Mama ta durƙusa, ta kama hannun hagun yayarta, mai ran, ta aza shi a ƙirjinta ta danne. Can sai na ga Mama Babba ta zare hannun ta sauke shi kan tabarma, tana buga yatsu biyu, wannan ya sauka wancan ya tashi, wannan ya sauka wancan ya tashi.

Mama ta ce mata da yarenmu, "Kin ji ko? Ba inda za ni."

Sannan ta goge fuska da bakin zane, ta zura hannun dama ƙarƙashin kafaɗar yayarta, ta waiwayo ta harare ni. "Ke kuma tsayuwar me kike yi? Kama ƙafafun."